Ƙaton buhun takin da na saya a Manchesta, wata tara kenan, ga abin da na gani

Tun watan Oktoban bara mutum biyu uku ke ta tambayata wai ya takin nan da ka saya, ya yi ko bai yi ba, ni kuma ina cewa ku dakata sai na ci abin da ya fito a cikinsa tukunna, don taki ba riga bace da zaka gwada a shago kace ta zauna maka. To yanzu ga Yuli, mun ci latas, tafarnuwa na rataye tana bushewa, alayyafo an tsinka sau biyu an yi miya, inaga yanzu ina da bakin magana.

Ga wanda bai sani ba, a Ingila akwai 'yan filaye da ake bayarwa haya don mutum ya yi lambu, alotmen suke ce musu, yawanci na kansul ne, wato ƙaramar hukuma, kwamitin masu lambun ne ke kula da wurin. Cikakken fili kusan murabba'in mita 250 ne, ni rabi aka bani, shi ma sai da na yi shekara uku a layi. Ranar da aka miƙo min makulli a watan Satumba na je da murnata, ina zuwa na tarar da ciyawa har gwiwa, wanda ya riƙe wurin kafin ni da alama ya daɗe da haƙura. Ƙasar kuma laka ce mai nauyi, in an yi ruwa ta kama maka rambut kamar taɓon fadama, kuma Manchesta kun san ruwa baya ɗaukar hutu. Ni ɗan manomi ne, a gona na tashi a ƙasar Zazzau, sai nace wannan ai ƙaramin alhaki ne, na sayi shebur na zo ranar Asabar da ƙarfina. Wallahi abin da na haƙa daga safe zuwa azahar bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, kuma kwana uku ina sallah a kan kujera.

Tsohon Baturen da filinsa ke jikin nawa yana kallona duk ranar bai ce komai ba, sai sati na gaba ya kira ni ya nuna min fangalansa, ya sa hannu ya damƙo ƙasar, baƙa wuluk tana warwarewa kamar dambu, yace shi rabonsa da haƙa ya manta. Shi ya turani kallon bidiyoyin Charles Dowding a YouTube, wani manomin kayan lambu a Somaset da ya shafe shekaru sama da 40 yana noma ba tare da juya ƙasa ba. Abin da ya ja hankalina ba surutun bane, gwajinsa ne, tun 2013 yana da fangali biyu kafaɗa da kafaɗa, taki iri ɗaya, shuka iri ɗaya, ɗaya yana haƙawa ya binne takin ɗaya kuma yana zuba takin a sama kawai, yana auna duk abin da ya cire a kan sikeli, kuma in aka haɗa jimla wanda ba a haƙa ba ne ke gaba. Ba da tazara mai yawa ba, amma ni ko kunnen doki suka yi ai na ci riba tunda bayana zai huta.

Tsarin a taƙaice shi ne ka yanke ciyawar ƙasa ƙasa, ka shimfiɗa kwali a kanta ya toshe mata haske, ka jiƙa kwalin, ka jibga taki a sama, ka tafi ka bar sanyi da ruwa da tana, tsutsar ƙasar nan, su yi aikinsu har bazara. Matsalar ɗaya ce, takin da ake buƙata a shekarar farko yana da yawa sosai. Ku yi lissafin da ni. Fangalina faɗin mita 1.2 ne tsawon mita 4, wato murabba'in mita 4.8, in kana son kaurin santimita 15 kamar yadda ake so a wuri mai ciyawa to lita 720 kenan a fangali ɗaya tak. Ƙananan buhunan da ake sayarwa a shagon kayan lambu lita 40 ne ko 50, kaga fangali ɗaya zai ci buhu 15 zuwa 18, ni kuma fangali huɗu nake so. Uwargida ta kalli lissafin tace to albasar zinare zamu ci kenan. Shi ya sa na koma neman masu sayarwa a ƙaton buhu, irin wanda ake zuba yashin gini a ciki.

Wani ƙaramin kamfani na samu a bayan gari, aikinsu su karɓi ganyaye da rassa da yankakkiyar ciyawar da ake kwashewa daga gidajen mutane, su niƙa su tara tsibi tsibi ya ruɓe, su tankaɗe su sayar. A shafinsu sun rubuta buhu ɗaya kusan lita 800, na yi odar biyu, fam 85 kowanne har da kuɗin kawowa. Yin odar babu wahala ko kaɗan, minti biyar na gama, rasit ya shigo imel nan take. Daga nan ne labari ya fara.

Sun ce za su kawo ranar Juma'a tsakanin 8 na safe da 6 na yamma. Jama'a wannan ai ba lokaci bane, yini ne guda. Na ɗauki hutu a wurin aiki, na je na zauna a lambu cikin yayyafi da fulas ɗin shayi, na ruga masallaci na dawo ina addu'ar kar su zo bana nan, sai wajen uku da rabi ga mota, ƙatuwar babbar mota mai ƙugiyar ɗaga kaya. Direban ya leƙa ƙofar lambun ya girgiza kai yace motar nan ba zata shiga ba, kuma ko zata shiga ma su a bakin titi suke saukewa, haka yake a rubuce. Na buɗe waya na duba, gaskiyarsa, yana nan can ƙasa da ƙananan haruffa, ni ne ban karanta ba. Don haka rabin laifin nawa ne, amma rabi nasu ne, don na rubuta musu ƙarara cewa alotmen ne, mutum ɗaya ya ɗaga waya yace malam ƙofarku tana da faɗi kuwa, ai ba zai gagara ba. Direban dai mutumin kirki ne, ya yi ta dabara da ƙugiyar har ya tsallakar da buhunan ta kan shinge ya ajiye su daga ciki don kar su tare hanya, ya ƙi karɓar ko shayi.

Daga inda ya ajiye zuwa filina taku 120 ne, na ƙirga don takaici. Na ari baron tsohon nan. Buhun farko sahu 14 na yi, na biyu sahu 12, da baro ɗaya da cika iri ɗaya, kunga akwai magana. Dama tun a ido na ga na biyun bai kai na farkon cika ba. Na tura musu imel da hoto, ban yi zaton za su kula ba, sai ga amsa ranar Litinin suna ba da haƙuri, suka ce da bokitin katafila ake cikawa ba aunawa ake yi lita lita ba, suka mayar min da fam 10. Wannan ya burge ni gaskiya, babu jayayya babu kai da kawo.

Yanzu takin kansa. Da na kwance bakin buhun tururi ne ya taso, na tura hannu ciki sai da na janye, zafi kamar tuwon da aka kwashe yanzu. Farko na ji daɗi nace sabo ne fil, ashe a harkar taki sabo ba yabo bane, zafin nan na nufin bai gama nuna ba, ƙananan halittun da ke cinsa suna kan aiki. In ka dasa yabanya a cikinsa a haka zata sha wahala. Launinsa baƙi ne sosai, warinsa ba na ruɓa bane, ya fi kama da ƙamshin ƙasa in an yi ruwan farko sai dai da ɗan tsami tsami a ciki, kuma cike yake da guntayen itace, wasu kamar tsinken sakace wasu sun kai yatsa.

Sai kuma leda. Kai! Nan ne raina ya ɓaci. Guntayen leda baƙa da shuɗiya, 'yan takardun da ake mannawa a jikin tuffa da ayaba, igiyar roba, murfin kwalba, gilashi guda uku, har da ƙaramin cokalin shayi na ƙarfe. Abin da na tsince a buhu biyun ya cika robar fenti ƙarama, kuma har yau in an yi ruwa sai wasu sun taso sama suna ƙyalli. Na koma shafinsu don na tuna sun yi ta tutiya da cewa takinsu na da shaidar PAS 100, wato ma'aunin ingancin taki na Birtaniya. Da na karanta sai na gane ma'aunin ya ƙayyade iyakar leda da gilashi da dutsen da za a iya samu ne, bai ce babu ko ɗaya ba. Kuma in za a yi adalci su ba su suka zuba ledar ba, mu ne mutanen gari da muke jefa komai a kwandon ganye. Duk da haka mai saye ya kamata a gaya masa a fili, kuma dan Allah duk wanda zai taɓa irin takin nan ya sa safar hannu saboda gilashin, musamman in yara na tayaka.

Abin da shaidar ta fi amfana min shi ne zafin. Irin tsibin da suke tarawa yana wuce digiri 60 ya daɗe a haka, wannan zafin yana kashe irin ciyawa da yawancin cututtuka, abin da ɗan tsibin bayan gida baya iya yi. Kuma na gani da idona, zan zo wurin.

Da na ga takin ba zai ishi fangali huɗu a kaurin 15 ba sai na raba dabara biyu. Fangali na ɗaya da na biyu kwali ne da takinsu zalla, santimita 10. Na uku da na huɗu kuma na yi musu hawa hawa, irin wanda Amurkawa suka fi yi suke kiransa lazanya saboda ya yi kama da abincin nan na Italiya mai shimfiɗa kan shimfiɗa. Kwali a ƙasa, sai kashin doki, sai busassun ganye, sai ɗanyar ciyawa da ɓawon dankali da na albasa da tukar kofi da wani mai shago ke tara min, sai ganye kuma, a haka har ya kusa gwiwa, sannan na rufe da takinsu santimita 5 a sama kamar murfi. Hikimar ita ce busasshe da ɗanye su riƙa bin juna, busasshen ya fi yawa, kamar kashi biyu ko uku a kan ɗaya, don in ɗanyen ya yi yawa abin zai dame ya yi wari, in busasshen ne zalla kuma zai zauna yana kallonka har shekara ta zagayo.

Maganar kwali a gurguje, ku je shagon masu sayar da keke ko firiji, kyauta suke bayarwa suna ma godiya, kuma manya ne. Ruwan ƙasa zalla, banda mai sheƙi. A ɓare salatif da ƙusoshin sitafula duka, wannan ya ci min dare biyu a falo. A ɗora bakin wani kan wani da kamar tafin hannu guda ko fiye, don duk inda ka bar 'yar kafa ciyawa sai ta gano ta.

Kashin dokin nan kuwa saura ƙiris ya jefa ni a rami. Wata barga ce ke bayarwa kyauta, na cika buhuna takwas a bayan mota ina jin na ci banza, tsohon ya gani yace kar ka kuskura ka zuba sai ka gwada. Ashe akwai wani maganin ciyawa, aminopyralid sunansa, da ake fesawa a filayen kiwo don kashe ciyayi masu faɗin ganye, shi baya taɓa ciyawar da dabba ke ci amma yana maƙalewa a jikinta, a yi ingirici da ita, doki ya ci ya kasayar, maganin na nan da ransa a cikin kashin. A 2008 ya yi wa masu lambu ɓarna sosai a ƙasar nan har aka dakatar da shi na wani lokaci, daga baya aka dawo da shi da sharuɗɗa, kuma har yanzu ana cin karo da shi. Wake da tumatir da dankali su ya fi illatawa, sabon ganyen ya nannaɗe ya ƙanƙance kamar an ƙona shi. Masu bargar ma yawanci basu sani ba tunda sayen ingiricin suke yi. Gwajin mai sauƙi ne, ka samu 'yan tukwane, wasu ka zuba abin da kake zargi gauraye da ƙasa, wasu ka zuba takin da ka yarda da shi, ka shuka wake a duka ka ajiye a bakin taga inda akwai ɗumi, sati uku zuwa huɗu zaka ga bambanci. Haka na jera tukwane tara a tagar kicin, uku na kashin doki, uku na takin kamfanin, uku na ƙaramin buhun shago. Ba sai na faɗi abin da uwargida tace ba da ta ji kashin doki ne a kicin ɗinta, sai da na mayar da su tagar bayi.

Na kamfanin duk uku suka fito lafiya lau, ganye a buɗe kore shar, wanda dama na riga na zuba shi a fangali biyu saboda gaggawa, gwajin na kwantar da hankali ne kawai. Na kashin dokin kuwa biyu suka nannaɗe, ɗaya ma da ƙyar ya fito. Buhu takwas na mayar. Na samo wani daga wurin wata mata mai dawaki biyu da ke kiwonsu a filinta bata fesa komai, shi ma na gwada, ya wuce. Wannan jiran ya sa fangali na uku da na huɗu sai ƙarshen Nuwamba na gama su, sauran takin yana rufe da tamfol, kuma jinkirin ya zo min daidai don lokacin ganye ya gama zuba, buhu buhu nake kwasowa a layinmu maƙwabta na kallona kamar sabon mahaukaci.

A wannan satin na kira gida na nuna wa Baba ta bidiyo. Ya daɗe yana kallo yace, wai kai ina kunyar? Nace Baba babu kunya, ba a huɗa, a sama ake zubawa. Yace to kwalin fa na meye, ko ƙasar ce ke jin sanyi ka lulluɓe ta? Aka yi ta dariya har da Inna daga ɗaki. Nace Allah ya ƙara muku lafiya ku dai ku bari bazara ta yi. Can kuma sai ya yi shiru yace amma fa ba sabon abu bane, mu ma da rani muke kai taki gona a mangala mu zuba tsibi tsibi mu barshi har ruwa ya sauka, kuma in Fulani suka kwana da shanu a gonarka bayan girbi ai ba ka bin kashin da garma a ranar. Yace in ina da tokar itace in barbaɗa kaɗan. Na barbaɗa.

Daga Disamba zuwa Fabrairu babu abin da na yi, kuma wannan shi ne daɗin abin. Dama ƙarfe huɗu bata yi duhu ya shiga, wa zai je lambu. Nakan leƙa ranar Lahadi in ɗaga gefen kwali in gani. A Janairu ciyawar ƙasan ta koma fara fat ta yi laushi, su tana kuwa ba a magana, ja ja ƙanana a cikin kashin dokin, manya manya a ƙarƙashin kwalin suna jan abin suna shiga da shi ƙasa, wato huɗar da na kasa yi da shebur su suke yi min kyauta. In an yi ƙanƙara sosai komai yakan tsaya cak, da ta saki a ci gaba. Hawa hawan da ya kusa gwiwa zuwa ƙarshen Fabrairu ya zauna bai fi kamu ɗaya ba, wanda bai sani ba zai ce an sace. Kwalin zuwa Maris sai ɗan guntu nan da can. Takin kamfanin kuma ya huce, tsamin ya tafi, ya yi laushi. Nan na gane duk darajar takin nan tana ga lokacin da ka saye shi. Da a Afrilu na saya na dasa a take da yanzu zagi nake rubutawa.

Tafarnuwa kaɗai na saka tun Nuwamba a fangali na ɗaya, don ita tana son sanyi ya ratsa ta kafin ta yi 'ya'ya, kuma ta yi kyau ba laifi.

Da bazara ta shigo abin da ya fara bani mamaki shi ne rashin ciyawa. Maƙwabcina na ɗaya gefen da ya juya ƙasarsa da inji, sati biyu filinsa ya koma kore kamar an shuka, don juyawar ta fito da irin da ke binne ya ga haske. Nawa fangali na ɗaya da na biyu sai ka nemi ciyawa da ido, minti goma na gama cira da hannu. Wannan kaɗai ya biya ni kuɗina. Amma kar wani ya ce muku kwali na kashe komai. Akwai wata ciyawa mai jijiya fara da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa kamar ƙiri-ƙiri, ita ta yi rauni sosai a tsakiya amma tana shigowa ta gefe daga hanya, sai da na ƙara kwali a hanyoyin na zuba ɓaraguzan itace. Sai wata mai yaɗo da farin fure kamar yaryaɗi, wannan kam kwali ko a jikinta, ta huda ta fito a watan Mayu kamar ba a yi komai ba, kuma jijiyarta na da zurfi, ko guntu ka bari sai ya tsiro. Duk sati nake bi ina zarewa, tsohon yace shekara biyu zuwa uku zan yi a haka kafin ta gaji.

Ta fannin ƙarfi kuma takin bai kai yadda baƙinsa ke nunawa ba. Albasa da kabeji da na dasa a fangali na biyu sun yi sati uku a tsaye, ganyen ya ɗan yi rawaya. Dalilin shi ne itace ya yi yawa a cikinsa, naitirojin ɗinsa, wato sinadarin da ke sa ganye kore, a hankali yake saki, ga ƙasa da sauran sanyi. Na watsa musu kashin kaji na ƙwaya ƙwaya da ake sayarwa a bokiti, kamar cikin hannu ɗaya a kowace murabba'in mita, cikin kwana goma suka farfaɗo. Wato shi gyaran ƙasa yake yi, ba yuriya bane da zaka zuba yau gobe ka ga kore. Karas kuwa asara na yi, irin ƙanana ne saman takin kuma gautsi ne da guntayen itace, da aka yi kwana goma babu ruwa a Mayu saman ya bushe ƙayau, in ka zuba ruwa sai ya gangare gefe ya ƙi shiga, layi biyu na shuka abin da ya fito bai kai ashirin ba. Karo na biyu na ja layi na zuba lallausan takin shago a ciki na shuka a kai, ya fito. Kar kuma wanda ya yi gigin rainon iri da shi a tire, na gwada da tumatir, ba sai na ba da labari ba.

Fangalan hawa hawa su kuma nasu salon daban. Ƙarfi kam akwai, kabewa biyu na dasa a na huɗu yanzu sun haye hanya suna neman shiga filin tsohon, dankalin Turawa a na uku da hannu nake tonowa ba fartanya ba komai, fes da shi babu laka. Amma dodon koɗin nan marar ƙoƙo da suke kira silog, Allah ya isa. Ganyen da bai gama ruɓewa ba da danshi shi ne gidansu. Latas 24 na dasa a gefen na uku ranar Asabar, ranar Litinin saura 5, su ma kamar an bi su da almakashi. Sai daga baya na tuna shi Dowding ɗin da kansa ruɓaɓɓen taki yake cewa a zuba a ƙasa mai danshi irin Ingila saboda wannan matsalar, ɗanyen kaya a kai shi tsibi ya nuna tukunna. Na ji a lokacin, son banza ne ya hana ni ɗauka. Latas ɗin da muka ci daga fangali na ɗaya ya fito, inda takin kamfanin ne zalla, can ɓarnar kaɗan ce. Da fitila nake fita bayan isha'i ina tsince su a gwangwani, mutum da girmansa.

Wani ƙanina da ke lambu a gida ya tambaye ni ko zai yi irin wannan. Nace masa ya lura, nan ruwan sama ne ke aikin duk tsawon sanyi, mu kuwa hunturunmu busasshe ne kuma lokacin ne ma lambu ke ci, in ya jera hawa hawa a Disamba bai bi shi da ban ruwa ba haka zai tarar da kayansa a bushe, kwalin kuma gara ce zata yi biki. In zai yi sai dai ya jera da damina ya dasa bayan kaka.

To nawa zan basu? Uku da rabi cikin biyar. Taki mai tsabta daga irin ciyawa, babu guba a nawa, araha in aka kwatanta da ƙananan buhuna, kuma da na yi ƙorafi sun saurare ni. Na cire ɗaya saboda leda da gilashi, na cire rabi saboda zaman jiran yini guda da rashin tambayar ƙofa. Zan sake saye, amma bana buhu ɗaya ya isa, don daga shekara ta biyu santimita 2 zuwa 3 kawai ake ƙarawa a sama kuma ba a sake sa kwali, fangali huɗun duka ba zasu ci lita 600 ba. Na kuma gano suna da wanda aka tankaɗe da rariya mai ƙananan ido, milimita 10, ya fi tsada kaɗan, shi zan nema ko Allah zai sa ledar ta ragu. Cokalin shayin yana nan na soke shi a bakin layin karas.

Sati na biyu na Oktoba zan kira su in sha Allahu, kuma sun ce in oda ta kai buhu huɗu a wuri ɗaya akwai ragi. Duk wanda ke kusa yana so mu haɗa ya yi min magana kafin ƙarshen Satumba, amma ya zo da baronsa, na tsohon tayar ta fara lilo.